Takunkumi ko tazara: makaɗan barok a lokacin korona

A 2020, makaɗan Turai masu kiɗan barok, kiɗan zamanin tsoffin masu tsara kiɗa irin su Bach da Vivaldi, sun tsinci kansu tsakanin hanyoyi biyu: su ɗaura takunkumi su zauna kusa-kusa, ko su cire shi su ba juna tazara. A watan Mayun shekarar, masana a asibitin Charité da ke Berlin sun ba da shawarar tazarar mita 1.5 ga masu goge, mita 2 ga masu busa.

Illar tazara babba ce. Galibi ana yin wannan kiɗa babu madugu mai sanda a gaba, kunne ne ke haɗa kan kowa. Wanda aka tura can ƙurya sai sautin ɗan'uwansa ya riƙa iso masa a makare, kiɗa ya kwance.

Takunkumi kuwa ciwonsa daban. Jagoran masu goge yakan ja numfashi kafin a soma, sauran su ji, su faɗa tare kamar mutum ɗaya. Ƙyalle ya danne wannan alama. Ga mai tabarau, huci ya hau gilashi, takardar kiɗa ta zama hazo, ga goge a ƙarƙashin haɓa yana ture ƙyallen sama.

Duk da haka ni takunkumin zan ɗauka, don ido da ɗaga kafaɗa suna iya tsayawa a madadin numfashi. Masu busa ne ba su da wannan zaɓi, sai tazara. Shi ya sa, a jerin kiɗe-kiɗen Bach da ake kira Brandenburg, na 3, wanda babu busa ko ɗaya a cikinsa, ya fi na 2 mai kakaki sauƙin kaɗawa a irin wannan hali.