Sharhi a Kan Sandar Ƙyastu ta Zamani Don Masu Kwana a Daji

Duk wanda yake kwana a daji, ko mafarauci ne, ko makiyayi, ko mai yawon buɗe ido da yake kafa tanti nesa da gari, ya san cewa ashana ba abin dogaro ba ce da damina, domin raɓar dare ɗaya ta isa ta lalata kwali guda. Dalilin da ya sa na sayi sandar ƙyastu ta zamani ke nan, irin wadda masu zaman daji a Turai da Amurka suke ratayawa a wuya. Wadda na samu ba ta da sunan kamfani a jikinta, kuma ta zo ne da sanda mai kaurin fensir, da ɗan ƙarfen kankara, da dunƙulen maganisiyam, wato wani ƙarfe da ake kankaro ɓurɓushinsa don ya kama tartsatsi, duk a ɗaure da igiya ɗaya.

An yi sandar ne da wani haɗin ƙarafa da ake kira ferosiriyam, wanda masanin sinadarai ɗan ƙasar Ostiriya, Carl Auer von Welsbach, ya ƙirƙiro a shekarar 1903, kuma shi ne ɗan dutsen nan da yake ba da tartsatsi a cikin laita. Wanda ya taɓa ganin ƙyastun da maƙeranmu suke ƙerawa zai yi zaton abu ɗaya ne, alhali aikinsu ya sha bamban. A ƙyastun gargajiya dutsen ƙanƙara ne yake kankaro ƙarfe, tartsatsin kuma ba shi da ƙarfi, sai an tare shi da ƙonannen tsumma ko auduga mai laushi an yi ta hurawa. A nan kuwa ƙarfen ne yake kankaro jikin sandar, ɓurɓushin ya kama da wuta nan take, da zafin da yake kai wa kusan digiri 3,000 a ma'aunin Salsiyas.

Babban abin da ya burge ni shi ne ruwa ba ya hana ta aiki. Na tsoma ta a ruwa, na goge da gefen riga, ta ba da tartsatsi kamar ba ta taɓa jiƙewa ba, wanda kuwa gilashin tara hasken rana ba zai yi ba idan hadari ya rufe sama, haka nan batir da soson ƙarfe, waɗanda ake haɗawa su ta da wuta, ba za su yi ba idan cajin ya ƙare.

Sai dai ya kamata mai saye ya sani cewa tartsatsi kawai sandar take bayarwa, kuma idan bai tanadi abin da zai kama shi ba, zai yi ta kankara har hannunsa ya gaji bai ga ko hayaƙi ba. A nan ne dajinmu yake da arziki. Audugar rimi tana kamawa da ƙyastawa ɗaya idan ta bushe, haka ma farin gashin da ke cikin 'ya'yan tumfafiya, amma dukansu suna cinyewa cikin ƙiftawar ido, saboda haka dole a ɗora su a kan busasshiyar ciyawa da aka murje da tafin hannu, a kuma jera ƙirare a kusa tun kafin a ƙyasta. Abin da ya fi yi mini aiki shi ne audugar asibiti da aka shafa wa man baselin, domin takan ɗauki mintuna tana ci ko da ana iska. Akwai kuma dabarar riƙo: a dasa bakin sandar a cikin audugar, a tsayar da ƙarfen wuri ɗaya, sannan a janyo sandar baya, maimakon a tura ƙarfen gaba ya watsar da abin da aka tara. Sabuwar sanda tana zuwa da baƙin fenti, wanda sai an kankare shi ƙarfen ya fito fili kafin ta soma aiki sosai.

Ɗan ƙarfen kankarar da aka haɗo da ita bai gamsar da ni ba, domin siriri ne, yana zamewa a hannu mai gumi, igiyar kuma ta yi gajarta. Bayan wuƙa mai kaifin kusurwa ya fi shi nesa ba kusa ba, amma kada a yi amfani da bakin wuƙar, domin zai dakushe. Dunƙulen maganisiyam ɗin ma wahalarsa ta fi amfaninsa, saboda kafin a tara ɓurɓushin da zai isa, iska ta kwashe rabinsa.

Ina ba da shawarar a nemi sanda mai kaurin yatsa da mariƙi mai cika hannu, ko da kuɗinta ya fi yawa, domin siririya tana iya karyewa idan an danna ta da ƙarfi. Da hunturu kuma wajibi ne a share ƙasa sosai kafin a ƙyasta, saboda tartsatsin yana tsalle nesa, kuma busasshiyar ciyawa ba ta jira. Gumi da danshi suna cin jikin sandar har ya riƙa zama gari, don haka bayan kowace tafiya a goge ta, a shafa mata ɗan mai, a adana ta a busasshen wuri.