Malwarebytes na kyauta da manhajar da ke satar abin da ka buga

Duk wanda ya tambaye ni ko ya sa Malwarebytes, wato manhajar da ke gano miyagun manhajoji ta cire su, a kwamfutarsa, ina ce masa ya sa, amma ya san abin da ya sa. Na kyautar ba ya gadin ƙofa. Bincike yake yi idan ka umarce shi, kuma a wannan fannin ya gamsar da ni ƙwarai.

Ni ke riƙe wa kawuna lissafi a shagonsa da ke kusa da babbar kasuwar Maradi. Kaya na shigo mana ta Ɗan Isa daga Katsina da Kano, wasu kuma daga tashar ruwa ta Lome, saboda haka takardun farashi da na duwan ba sa yankewa a imel ɗinmu. Wata rana wani abokin cinikinmu ya kira kawu yana tambayar dalilin da ya sa muka canza lambar asusun banki. Ba mu canza komai ba, ba mu kuma aika masa da komai ba, amma saƙon daga adireshinmu ya fita. Allah ya sa mutumin ya kira kafin ya tura kuɗi.

Don in gano ko an yi wa kwamfutar kutse, na sauke manhajar Malwarebytes daga shafin kamfanin kansa. Tana ɗan cin data, gara mutum ya yi da dare ko inda intanet ke da ƙarfi. Akwai Faransanci a cikinta, babu Hausa, amma maɓallin bincike a fili yake, ko ɗan koyo zai gan shi. Binciken bai kai rabin awa ba ya fito da jerin abubuwa. Yawancinsu tarkace ne irin waɗanda ake cusawa tare da manhajojin da aka fasa, sai guda ɗaya mai suna Spyware.AgentTesla.

Wannan ɗin ne ya hana ni barci. Agent Tesla yana yawo tun 2014, kuma hanyarsa da aka fi sani ita ce ya zo a maƙale da imel, cikin kamar takardar farashi ko ta jigilar kaya, wato daidai irin abin da ɗan kasuwa zai buɗe ba tare da shakka ba. Da zarar ya zauna, duk harafin da yatsanka ya taɓa yana rubutawa. Kalmar sirrin da kake ganin ta koma ɗigo-ɗigo a allo, shi a bayyane yake samunta, domin daga madannai yake ɗauka. Yana kwashe kalmomin sirrin da aka adana a burauza, yana ɗaukar hoton allo, yana karanta abin da ka kwafa za ka liƙa, sannan ya aika wa mai shi ta imel ko ta Telegram. Ba ya kulle kwamfuta, ba ya neman fansa, ba ya nuna alama. Abin da ya fi ɓata mini rai bai tsaya ga kuɗi ba. A wannan kwamfutar kawu ke sa ni rubuta saƙonnin iyali, maganar bashi, maganar rashin lafiya, maganar aure. Har abin da mutum ya rubuta cikin fushi sannan ya goge kafin ya aika, shi ma an ɗauka.

Na danna a keɓe su duka, na kashe na kunna, na sake bincike, bai ga komai ba. Kawu ya ce, "To ɗana, an gama ke nan?" Na ce, "An cire shi, Kawu, amma abin da ya riga ya kwasa yana hannunsu." Wannan shi ne abin da manhajar ba za ta yi maka ba, kuma mutane da yawa a nan suke tsayawa. Da waya na canza kalmomin sirrin imel, Facebook da banki, na kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato neman wata lamba ta daban bayan kalmar sirri, na kuma duba saitin imel ko an sa wata doka da ke tura saƙonninmu wani wuri. Duk wanda aka samu irin wannan a kwamfutarsa, kada ya canza kalmar sirri a kanta kafin a tsabtace ta.

Game da kuɗi: a kwanakin farko ana ba ka cikakkiyar kariya ta gwaji, wadda ke tare abu tun kafin ya shiga. Bayan nan sai ta tsaya, ya rage bincike da hannu, tare da tunatarwar ka saya. Sayen yana buƙatar katin banki da ake biya da shi a intanet, abin da ba kowa ke da shi ba a garin nan. Ni na bar Microsoft Defender, kariyar da ke zuwa tare da Windows, a kunne yana gadi, ina yin binciken Malwarebytes duk mako da kuma duk lokacin da kle ɗin wani, wato filashin USB, ya shiga kwamfutar. Masu Windows 7 su sani tun Janairun 2020 aka daina yi mata gyaran tsaro, Windows 10 ma wa'adinta na yau da kullum ya ƙare a Oktoban 2025, kuma babu manhajar bincike da za ta toshe wannan giɓin.

Akwai abin da Malwarebytes ba ya gani sam. Ana yin ƙaramar na'ura da ake sokawa tsakanin wayar madannai da kwamfuta, tana ajiye duk abin da aka buga. Ido kawai ke gano ta. Shi ya sa nake jin tsoro idan na ga ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankolodo suna buɗe imel ɗinsu a siber don buga takarda. Gara a zo da takardar a kle, ko a tura ta daga waya. Masu tsofaffin kwamfutocin HP EliteBook da ProBook na hannu, waɗanda suka cika shagunanmu, su ma su duba: a 2017 an gano wata manhajar sauti a wasu samfura tana ajiye abin da aka buga a fayil mai suna MicTray.log. Kamfanin ya fitar da gyara, amma kwamfutar da ba a taɓa sabuntawa ba tana iya zama da shi har yau.

Wani abu da na yaba shi ne manhajar Malwarebytes tana nuna manhajojin leƙen asiri da ake sayarwa a fili, irin waɗanda miji ke sa wa matarsa ko maigida ga yaronsa a ɓoye. Kamfanin yana cikin waɗanda suka kafa ƙawancen yaƙi da irin wannan leƙe a 2019. Wasu na ganin wannan kula ce da iyali. Ni ban yarda ba. Allah ya hana mu bin diddigin sirrin juna a Suratul Hujurat, kuma Nijar na da dokar laifukan intanet tun 2019. Mai gyaran kwamfuta da aka kawo wa irin wannan aiki ya kamata ya ƙi karɓa, ko nawa aka ba shi.

Kawu ya ce idan an samu mai kati a biya na shekara, tunda kwamfutar shago ce kuma imel na baƙi ke shigowa kullum, kuma na goyi bayansa. Ga kwamfutar gida kuwa, na kyautar tare da Defender ya isa, muddin mutum zai riƙa tuna yin binciken.