Sati uku na yi ina zargin makirfo

Saboda batir na sayi ƴar rediyon nan ta gajeren zango mai wat 5, irin wadda ake aika murya a kuma saurara da ita. Duk wanda ke Yamai ya san watan Afrilu: kuran ya ɗauke da azahar, zafi ya haura digiri 40, tsohuwar na'urata ta shanye batir, ta yi zafin da ba ka iya ɗora mata hannu. Mai kawo mana kaya daga Sin ya rantse mini cewa wannan sabuwar ba ta ɓarnar wuta. A nan kam bai yi ƙarya ba.

Ranar da na fara gwada ta a kan zangon mita 40, abokin aikina da ke saurare daga unguwar Harobanda ya kira ni a waya ya ce muryata kamar ana yaga tsumma, har tana fantsama cikin mitocin da ke gefe. Na canza makirfo. Na je kasuwar Katako na sayo wani. Na sauke eriya na sake ɗaure ta, na canza waya, na bi kowane liƙi da ƙarfe mai zafi. Garin gwaje-gwajen nan taranzisto biyu suka ƙone mini. Na kira wanda ya sayar mini, amsarsa ɗaya ce: kowa ya saya yana yabawa. Wallahi ranar na yi niyyar mayar masa da kayansa ko da zan yi asara.

Wani dattijo a unguwarmu, wanda ya yi aikin gyaran na'urorin watsa shirye-shirye har ya yi ritaya, shi ya fid da ni. Na kai masa bayan la'asar, ya shimfiɗa tabarma, ya jawo tsohon osiloskof ɗinsa mai layi biyu, na'urar da ke zana siffar siginal a kan gilashi. Ya cire eriya ya sa lodin gwaji na om 50, abin da ke tsayawa a madadin eriya, ya aika sauti biyu tare, 700 da 1900 Hz. Ya daɗe yana kallon gilashin, sannan ya ce, "Ɗana, makirfonka lafiya lau. Matso ka gani."

Abin da ya nuna mini shi ne: amfilin wannan rediyo, wato sashen da ke ƙara wa siginal ƙarfi, ba irin wanda muka saba ba ne. Tana raba murya gida biyu. Kaɗawar siginal tana bin hanya ɗaya zuwa taranzisto, ƙarfin murya kuma yana bin wata hanyar, yana ɗaga wutar da ke ciyar da taranziston yana sauke ta. A bakin fita suke haɗuwa su koma murya. Shi ya sa ba ta zafi, don taranziston kunnawa da kashewa kawai yake yi, ba ya riƙe wutar da zai mayar zafi. Amma hanyar wuta tana ratsa matata, matatar kuma tana jinkirta ta. A gilashin, layin wuta yana biye da ɗan'uwansa a baya kaɗan, tazarar da ido ke iya gani ƙarara. Wurin da ya kamata siginal ta sauka sifiri tsaf, sai ta juya alhali wuta ba ta gama sauka ba. Nan ne muryar ke yagewa.

"Lugude ne," in ji shi. "Mata biyu, turmi ɗaya. In ɗaya ta makara, taɓare ne za su yi karo."

Na ce, "Baba, to sabon abu ne?" Ya ce ina, wani injiniya Ba'amurke mai suna Leonard Kahn ya bayyana dabarar tun 1952. Ya ce ƴar'uwarta ma tana cikin wayoyin 4G tun 2013, inda faɗin zangon ke kai 20 MHz, daidaitawar kuma da nanosakan, kashi ɗaya cikin biliyan na sakan, ake auna ta. Tamu murya ce da ba ta kai 3 kHz ba, mikrosakan ake magana, kashi ɗaya cikin miliyan na sakan.

Can ƙasan jerin saiti ya tono wani wuri mai haruffa uku, na jinkirta hanyar siginal. Yana ƙara lamba, layukan biyu suna matsowa, har suka hau kan juna. Minti goma bai cika ba. Na Harobanda ya ce kamar a ɗaki ɗaya muke. Daren nan na yi awa biyu a kan ƙaramin batir, na taɓa bayanta, ɗumi-ɗumi kawai. Na ji daɗi ƙwarai, har na fara gaya wa abokai su saya.

Sai dai duk lokacin da na buɗe takardar da ta zo cikin kwalin, raina yana sake ɓaci. Shafi huɗu, babu layi ko ɗaya a kan wannan saiti, kuma a sifiri suka baro shi daga masana'anta. Mutum nawa ne a garin nan ke da osiloskof, balle dattijon da zai zauna da shi? Ga kuma wani abu da na gano daga baya: in aka mayar da na'urar saitinta na asali, lambar tana gogewa. Na rubuta tawa da alƙalami a jikin murfi. Kuɗin taranzisto biyu da makirfon Katako kuwa, har yau mai kayan bai ce mini ko sannu ba.