Tsakanin fim ɗin Battle Royale da wasannin PUBG da Free Fire

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne PUBG da Free Fire daga wani fim na Japan suka samo asali, kuma me ya raba su. Gaskiya ne. Fim ɗin shi ne Battle Royale, wanda Kinji Fukasaku ya ba da umarni, ya fito a Disambar 2000 daga littafin Koushun Takami na 1999. Brendan Greene, ɗan ƙasar Ayalan, ya aro tsarinsa a 2013 ya ɗora a kan wasan DayZ, daga nan PUBG ya fito a 2017, Free Fire ya biyo baya a shekarar.

A fim, gwamnati ce ta kwashi ɗalibai 42, maza 21 mata 21, ta kai su wani tsibiri ta ba su kwana uku su kashe juna har a bar mutum ɗaya. PUBG mutum 100 yake zubawa na kamar rabin awa, Free Fire mutum 50 na kamar minti goma. A fim ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya a miƙa wa kowa jaka mai abinci, ruwa, taswira da makami, abin da ya faɗo maka shi ne rabonka: wani bindiga, jarumin fim ɗin kuwa murfin tukunya. A wasa da lema kake sauka hannu rabbana, ka shiga gidaje neman makami, don haka zaɓin wurin sauka ya rage ƙarfin sa'a.

Inda aka yi gyara mai ma'ana shi ne yadda ake hana ɓuya. A fim an yanka taswirar tsibirin gida-gida, duk bayan awa shida a sanar da gidajen da aka haramta, wanda ya tsaya a ciki abin da aka ɗaura masa a wuya ya fashe. Wannan bai dace da wasa ba, domin gidajen a warwatse suke, ba sa tara mutane wuri guda, kuma kuskure ɗaya ya gama da kai. Sai aka koma da'ira mai tsukewa, wadda ke cin jinin wanda ke waje a hankali. Yana da damar gudu, amma dole a ƙarshe kowa ya haɗu da kowa.

Abin da wasannin suka bari a baya kuwa shi ne ran fim ɗin. Yaran nan 'yan aji ɗaya ne, 'yan shekara 15, sun san juna, in ban da baƙi biyu da aka cusa musu. Wasu sun ƙi ɗaukar makami, wasu sun zaɓi kashe kansu. 'Yan matan da suka fake a hasumiyar fitilar jiragen ruwa suna girki tare, zargin guba kawai ya sa suka harbe juna. Fukasaku kansa yana ɗan shekara 15 aka tura ajinsu aikin masana'antar makamai a 1945, ya ga gawar abokansa bayan luguden wuta, kuma daga nan ya daina yarda da manya. Wannan fushin ne a cikin fim ɗin. A wasa baƙo kake harbi, in ka mutu ka danna ka sake shiga.

Shi ya sa hayaniyar ta bambanta. Fim ɗin har majalisar dokokin Japan ya kai, aka hana 'yan ƙasa da shekara 15 kallonsa, Amurka ma sai a 2012 aka sake shi a faifai a hukumance. Ƙorafin iyaye a kan wasannin yawanci na ɓata lokaci ne da kuɗin data.

In za ka kalla, kada ka zauna da ƙananan yara, jinin da ke ciki ba na wasa ba ne. Ka kuma fara da na 2000. Kashi na biyu na 2003 ɗansa Kenta ne ya ƙarasa shi bayan rasuwar mahaifin, kuma bai kama ƙafar na farko ba.