Na'urar duba mota ta ELM327: abin da ta iya da abin da ya fi ƙarfinta

'Yar ƙaramar aba ce, shuɗiya, tana ɓacewa a tafin hannu. Ana cusa ta a wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, sai ta haɗu da waya ta Bluetooth. Kafar ana ce mata OBD2. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da ita, haka masu fetur na Turai daga 2001, wato kusan duk 'yar Kwatanon da ke yawo a titunanmu za ta karɓa. Masu Fijo 504 ko 505 kada su wahalar da kansu. Na sayi tawa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, kuɗin da bai kai na rabin tanki ba, na sauke manhajar Torque a wayata.

Abin da ya kai ni saye shi ne fitilun gargaɗi da suka dinga ƙiftawa a gaban motata, ƙirar 2008. Fitilar batir da ta birki su kawo tare, ta ABS (tsarin da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki da ƙarfi) ta biyo baya, kafin ka gama salati duk sun ɗauke. Abin ya fi tsanani da daddare a cikin goslo, in na kunna fitilun gaba da na'urar sanyi, ko in na faɗa rami. Wani bakanike ya ce ƙwaƙwalwar motar ce ta taɓu, wani ya ce a sauke altaneta, mai yi wa batir caji, a sa wata. Kowanne da nasa lissafin kuɗi, kuma babu wanda ya ɗora ma'auni a jikin motar kafin ya yanke hukunci.

Da na cusa na'urar, lambar matsala ɗaya kawai ta fito, P0420, wadda ke nuna cewa indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, ba ya aiki yadda ya kamata. Wannan tsohon zance ne, ba shi da alaƙa da ƙiftawar. A nan mai gajen haƙuri zai ce ya yi asara. Amfaninta na gaskiya yana wani shafi, inda take nuna ƙarfin wutar motar kai tsaye kana cikin tuƙi. Lafiyayyen batir, in mota tana kashe, yana ba da wajen bolt 12.6. In inji ya tashi, altaneta tana caji, ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5, kuma ya tsaya cak. Tawa da safe 14 take nunawa, lafiya lau. Amma da inji ya ɗau zafi na ɗora masa kaya, sai lambar ta fara rawa: ta faɗo 12 da ɗoriya, ta haura, ta sake faɗowa, kuma daidai lokacin faɗowar fitilun ke ƙiftawa. Sassa uku ba za su lalace rana ɗaya ba. Wuta ce ba ta isar su, shi ya sa kowanne ke kuka.

Da wannan na je wurin wani dattijo mai rewaya, na nuna masa wayar. Ya duba, ya ɗauko nasa ma'aunin ya ɗora a kan batir, ya ce, "Yallaɓai, ƙwaƙwalwa ba ta yi maka laifi ba, bari mu buɗe altanetar tukuna." Burushin ciki ya cinye, saura ɗan guntu, yana taɓawa yana saki. Wayar da ke haɗa batir da jikin mota ita ma ta yi tsatsa, kan batir ya tara farin gari. Ya sa sabon burushi, ya kankare wayar, ya ɗaure. Tun ranar fitilun ba su sake motsi ba. Gaskiya ma'aunin Baba shi kaɗai zai iya gano matsalar, abin da na'urar ta ƙara shi ne kama ta a kan hanya, lokacin da take faruwa, don irin wannan cuta da an isa gareji sai ta ɓuya.

Inda ta gaza kuma ba kaɗan ba ne. Yawancin na kasuwa kwaikwayo ne na ainihin wadda wani kamfanin Kanada ya fara ƙerawa, ba sunan mai yi a jiki, ingancin kuma sai sa'a. Tawa wani lokacin sai na zare na mayar kafin ta haɗu, kuma lambar wutarta ta ɗan sha bamban da ta ma'aunin Baba. Ɓangaren inji take karantawa. ABS da jakar iska galibi ba ta leƙa su, waɗannan yawanci sai babbar kwamfutar masu gyara. Mai iPhone ya nemi mai Wi-Fi ko sabon nau'in Bluetooth, tsohon nau'in ba ya haɗuwa.

Akwai kuma maɓallin goge lambobi, wanda ni dai ban so a sa shi kusa da hannu haka ba. Dannawa ɗaya fitilar inji ta mutu, matsala na nan daram, kuma da shi ake yi wa mai sayen mota rufa ido. In fitilar inji ce ke ƙiftawa ba tsayawa, wannan wani babi ne: wata silinda ce ba ta ƙona mai daidai, ɗanyen fetur na gangarawa salansa, a rage gudu a nemi gareji. Fitilar man inji kuwa, ja, ko sau ɗaya ta ƙifta inji na aiki, a faka a kashe a duba mai, ba a tsaya neman waya ba.

Mai mota ɗaya da ke son shiga gareji da abin nunawa a hannu, ya saya. Bakanike da ke cin abinci da sana'ar, wannan ta yi masa kaɗan. Kuma a zare ta bayan an gama, don kafar tana da wuta ko mota na kashe. In aka bar ta a ciki mota ta daɗe a ajiye, batir zai iya sauka.