Kamfanin abin sha da ya riƙe mana biki a Agege

Duk mai shirin biki a Legas da ya san za a fito da giya, kafin ya tambayi kuɗin kiret ya fara tambayar wa zai nemo takardar izini. Da wannan tambaya na zaɓi wani ƙaramin kamfani da ke wajen Ogba lokacin auren 'yar yayata. Sauran da na tuntuɓa cewa suka yi, "Ba komai Mama, in yaran kansil sun zo za mu ji da su." Na san abin da ake nufi: ranar biki a tsaya ana ciniki a bakin rumfa, surukai na kallo.

Mu 'yan Kafanchan ne mazauna Agege, dangin ango daga Jos suka zo. Ba mu kama ɗakin taro ba, a fili muka kafa rumfuna har suka ci rabin layi, a nan kuwa nauyin takarda yana wuyan mai biki.

Manajar, wata Bayarabiya da ta tashi a Sabon Garin Kano, ta zaunar da ni ta warware mini komai da Hausa. Lasisin sayar da barasa a hannun ƙaramar hukuma yake, haka jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya tanada. Kuɗin shagali da rufe hanya ma su ke karɓa. Abin da ke rikita mutane shi ne Legas tana da ƙananan hukumomi 20 da yankunan raya ƙasa 37, sai ka tabbatar da inda layinku ya faɗa. Namu a yankin raya ƙasa na Orile-Agege yake, ba a ƙaramar hukumar Agege kanta ba. Ta kuma tambayi yawan baƙi, domin tun bayan turmutsitsin Disambar 2024 a Ibadan da Abuja da Okija, jihar Legas ta ce taron da ya haura mutum 250 sai da amincewar hukumar kula da tsaron lafiyar jama'a. Mutanen kamfanin ne suka yi zirga-zirgar sakateriya, suka kawo mini izinin yini ɗaya da rasit mai hatimi. Ranar biki wasu suka zo da littafi a hannu, aka nuna musu takarda, suka wuce.

Inda mutanen kamfanin suka fi burge ni shi ne yadda suka mutunta baƙinmu Musulmi. Kusan rabin waɗanda muka gayyata maƙwabta ne da abokan kasuwa, mutanen da muke kai wa abincin Kirsimeti suna kawo mana naman layya. Ban so ko mutum ɗaya ya zauna a takure. Giya tana rumfa guda can ƙarshe, da kularta da tirenta da ma'aikatanta, ba ta ƙetarowa. Zoɓo da kunun aya da lemo suna wannan gefen, kofunansu daban. Alhajin da ke jikin gidanmu ya kira ni ya ce, "Maman yara, kin kyauta, Allah ya ba su zaman lafiya." Har aka tashi yana wurin.

Ba su miƙa wa yaro kwalba ko da babba ne ya aiko shi. Kwalaben barasa masu tsada kuwa, da sun ƙare sai su kankare takardar jiki, saboda masu tsinta su cika da jabu.

Akwai gyara. Ƙanƙara ta ƙare tun la'asar, baƙin yamma suka sha lemo da ɗumi a zafin Legas. Sannan kuɗin mota bai shiga lissafin farko ba, sai a takardar ƙarshe na gan shi, kuma raina ya ɓaci. Ba su da araha. Duk da haka zan sake kiransu, sai dai wannan karon ƙanƙara da mota za su shiga yarjejeniya a rubuce kafin na ba da kuɗin kafin alƙalami.