Wings of Glory ko Blue Max: wanne ya dace da masu haɗuwa duk mako?

Malam, ka ce ku shida ne, kuna haɗuwa duk Asabar da yamma, kuna son wasan tebur na artabun jiragen saman Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma ka rasa wanda za ku ɗauka tsakanin Wings of Glory da Blue Max. Ni dai shawarata ku fara da Wings of Glory, ko da yake akwai wuraren da Blue Max ya fi shi nesa ba kusa ba.

Tushensu ɗaya ne: kowa ya zaɓi motsin jirginsa a ɓoye, a bayyana a lokaci guda, sannan a ga wanda ya faɗa gaban bindigar wani. Yadda ake zaɓen ne ya raba su.

Wings of Glory wasan Italiya ne. Andrea Angiolino da Pier Giorgio Paglia suka fitar da shi a 2004 da sunan Wings of War, daga baya kamfanin Ares Games ya ci gaba da shi da sabon suna. Ba shi da allo. Kowane jirgi yana da nasa katunan motsi masu ɗauke da kibiya, ka zaɓi uku ka kife, in an buɗe na farko ka ajiye shi a gaban jirgin, ka matsar da jirgin zuwa bakin kibiyar. Rula ce ke nuna ko harbi ya kai: a kusa wanda aka harba ya ja katin lahani biyu, a nesa ɗaya. Baƙon da aka zo da shi yau zai iya tashi da jirgi kafin shayi ya huce, kuma ga masu haɗuwa duk mako wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ba a rasa wanda ya yi tafiya ko wanda ya jawo ƙaninsa. Ba a jefa ƙwayar lido a cikinsa ko kaɗan, in a cikinku akwai mai ƙyamarta.

Blue Max kuwa na Phil Hall ne, kamfanin GDW na Amurka ya buga shi a 1983. Ana yin sa a kan taswira mai gidaje masu kusurwa shida kamar saƙar zuma. Kowane jirgi yana da takardar da aka zana duk motsin da zai iya, ka rubuta lambar wanda ka zaɓa. Motsi ɗaya ne a zagaye, ba uku ba, don haka kana gyara shawara a kai a kai. Ba a gardamar “ya taɓa ko bai taɓa ba”, tunda gida gida ne, alhali a Wings of Glory in hannun riga ya ture jirgi kaɗan, sai an yi haƙuri da juna.

Abin da ya fi burge ni a Blue Max shi ne mai. Kowane motsi yana cin mai, gudu ya fi ci, saboda haka dole matuƙi ya san lokacin da zai juya ya nufi gida. Wannan kaɗai yana canza halin ’yan wasa, ba wanda zai yi ta zagaye har abada yana jiran sa’a. Ga kuma dokar bin wutsiya: in ka samu bayan abokin gaba, sai ya faɗa maka ko hagu zai yi, ko dama, ko miƙewa, kafin ka zaɓi naka. A nan ne za ka gane dalilin da ya sa Oswald Boelcke na Jamus, a ƙa’idojin da ya rubuta wa matuƙa a 1916, ya nace a kan kai hari daga baya da harbi daga kusa. Lahanin ma ana rubuta shi sashe-sashe, fiffike daban, wutsiya daban, inji daban. A Wings of Glory maki ne kawai ake tarawa a ɓoye, sai ɗan abin da wasu katunan ke kawowa, irin hayaƙi, gobara ko cijewar bindiga.

Sai dai kada ka ɗauka Wings of Glory bai san halin jirage ba. Katunan jirgin Sopwith Camel suna ba shi juyin dama mai kaifi wanda ba shi da irinsa a hagu, domin injin ainihin jirgin yana juyawa ne tare da farfela, ƙarfin juyin yana fizgar sa dama. SPAD XIII yana da gudu amma juyinsa mai faɗi ne, wanda ya tsaya kokawar zagaye da Fokker Dr.I, mai fiffike uku irin wanda fitaccen matuƙin Jamus Manfred von Richthofen ya mutu a ciki ranar 21 ga Afrilu 1918, zai sha wuya. Duk wannan a tsawon kibiya da lanƙwasarta ake jin sa, ba sai an karanta dogon bayani ba.

Matsalar da za ta fi damun ku ita ce wanda aka harbo da wuri. Wings of Glory yana da katin fashewa, wanda ke tarwatsa lafiyayyen jirgi nan take. Mutum ya taso daga wata unguwa, ya zauna, a zagaye na biyu ya koma ɗan kallo. Masu wasa da yawa suna cire katin, ni ma haka nake so a yi, ko kuma a bar wanda ya faɗi ya shigo da sabon jirgi daga gefen tebur. Abin da ya sauƙaƙa shi ne wasan gajere ne, za ku iya yin biyu ko uku a zama ɗaya. Blue Max da mutum shida ya fi jan lokaci, wanda ya fita zai daɗe yana jira.

Batun kuɗi kuma Blue Max ne a gaba, ta hanyar Canvas Eagles, wanda Eric Hotz ya gina a kan dokokinsa, ya ƙara hawa da sauka, ya sa shi kyauta a intanet. Ku buga takardun, ku zana taswira, ku yanka jirage na kwali. Wings of Glory ƙananan jiragensa masu fenti, sikelin 1/144, su ne adonsa, amma ɗai-ɗai ake saye, wasu kuma sukan yanke a kasuwa.

Kowanne kuka ɗauka, ku haɗa jiragen zamani ɗaya. Fokker Eindecker na 1915 ba abokin karawar Camel na 1917 ba ne. Zaman farko ku yi uku da uku, Camel da SPAD XIII a gefe guda, Albatros D.Va da Dr.I a ɗaya gefen, ku ajiye dokokin hawa sama tukuna. Kowa ya sa wa matuƙinsa suna, a samu littafi ana rubuta wanda ya dawo da wanda ya harbo wani. Ranar da kuka ji ’yan wasa sun fara tambayar me ya sa mai ba ya ƙarewa, to ku buga Canvas Eagles ku gwada, littafin matuƙan kuma ku tafi da shi can.